Georgiana ta Gidan Devonshire: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwarta da Danginta

Wace ce wannan Georgiana da ake ta ambato in ana zancen matan manyan gidajen Ingila?

'Yar gidan Spencer ce. An haife ta ranar 7 ga Yuni, 1757, a Althorp, babban gidan danginsu da ke yankin Northamptonshire. Tana cika shekara 17 aka ɗaura mata aure da William Cavendish, Duke na biyar na Devonshire, ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa dukiya a Ingila a wancan zamani. Ta rasu a Landan ranar 30 ga Maris, 1806, tana da shekara 48.

A tsakanin waɗannan shekaru biyu ta zama macen da duk Landan ke kallo. Abin da ta sa yau, gobe shi za a gani a jikin sauran mata. Jiga-jigan 'yan siyasa a falonta suke haɗuwa. Jaridu ba sa rabuwa da sunanta, ko da yabo ko da zagi. Amma a cikin gidanta ba ta da ikon ko da hana wata mace kwana da mijinta, kuma ba ta da ikon riƙe 'ya'yan da ta haifa in mijin ya ce a'a. Wannan giɓi tsakanin waje da cikin gida shi ne ya sa har yau labarinta bai tsufa ba.

Wane irin gida ne gidan Spencer?

Arzikinsu na asali daga kiwon tumaki ne, tun wajen shekarun 1500, sannan auratayya ta ɗaga su sama. Kakar kakan Georgiana ita ce Sarah Churchill, matar Duke na Marlborough, wadda ta rasu a 1744 ta bar wa jikanta John Spencer dukiya mai ɗimbin yawa. Ɗan wannan John ɗin, shi ma John, shi ne mahaifin Georgiana, kuma a 1765 aka naɗa shi Earl Spencer na farko.

Uwarta, Margaret Georgiana Poyntz, mace ce mai ibada da tsare gida, kuma ita da mijinta auren soyayya suka yi, abin da ba a cika samu ba a irin waɗannan gidaje. Georgiana ita ce 'yar fari kuma 'yar lelen uwar. Bayan ta akwai ƙanenta George John da ƙanwarta Henrietta, wadda kowa ke kira Harriet. Uwa da 'ya sun yi ta musayar wasiƙu har ƙarshen rayuwar 'yar, uwar tana faɗa tana nasiha, 'yar tana ba da haƙuri tana alƙawarin gyarawa. Daga waɗannan wasiƙu ne aka san mafi yawan abin da aka sani game da zuciyarta.

Duke, Earl, Lady: mene ne bambancinsu?

Sarautun gado na Ingila hawa biyar ne. Duke ne a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, sai Baron. Matar Duke ana ce mata Duchess. 'Yar Duke ko Marquess ko Earl ana sa mata Lady a gaban sunanta na yanka, shi ya sa kafin aure sunanta Lady Georgiana Spencer. Babban ɗa namiji kuma yakan ari ƙaramar sarautar ubansa yana amfani da ita kafin uban ya mutu. A gidan Devonshire magaji shi ne Marquess na Hartington.

Kada a ɗauka sarautar tana nufin mulkin yankin da aka ambata. Duke na Devonshire ba ya mulkin Devon. Babban gidansa, Chatsworth, yana Derbyshire ne can arewa, nesa da Devon. A wancan zamani abin da sarautar ke ba mutum shi ne kujera a majalisar iyayen ƙasa da girma, ƙasa da kuɗin haya kuwa su ne ainihin ƙarfin.

Auren soyayya ne ko na haɗi?

Na haɗi ne da yarinyar ta ɗauka na soyayya ne. An ɗaura shi a cocin Wimbledon a Yunin 1774. Ango yana da shekara 25, mutum mai nauyin baki, wanda ya fi sakewa da karnukansa da abokan kartarsa a kan mutane. Ita kuwa mai fara'a ce, mai son hira, mai son a so ta. Ta taso ta ga iyayenta suna ƙaunar juna, sai ta zaci haka aure yake ko'ina.

Abin da ta shiga ba ƙarami ba ne. Ban da Chatsworth akwai Devonshire House a kan titin Piccadilly a Landan, da Hardwick Hall, da Chiswick House, da Bolton Abbey a Yorkshire, da gidan sarauta na Lismore a Ailan. Waɗannan uku na ƙarshe ta wajen uwar Duke ɗin suka shigo, domin ita kaɗai ce magajiyar Earl na Burlington.

Akwai kuma abin da ba a gaya wa amarya ba. A shekarar da aka yi bikin, wata mai ɗinkin huluna ta haifa wa ango 'ya mace mai suna Charlotte Williams. Da uwar yarinyar ta rasu, gidan Georgiana aka kawo ta, ita kuma ta karɓe ta hannu bibbiyu, a lokacin da nata cikin ke ta zubewa.

Me ya sa rashin ɗa namiji ya zama mata tashin hankali haka?

Saboda dokar gadonsu. Wanda ya saba da rabon gado inda kowane ɗa da kowace 'ya ke da kasonsu sai ya ajiye wannan a gefe. A manyan gidajen Ingila sarauta da ƙasa gaba ɗaya babban ɗa namiji na halas ke ɗauka. Lauyoyi sukan ɗaure ƙasar da takardu yadda ko shi mai riƙe da ita ba zai iya yayyanka ta ba. 'Ya'ya mata ana ware musu wani kuɗi da za su tafi da shi gidan miji. Ƙannen magaji maza kuma sai aikin soja, ko coci, ko majalisa. In babu ɗa namiji, sarautar ta tsallaka zuwa ƙane ko ɗan baffa, ko da mamacin ya bar 'ya'ya mata goma.

To aikin da aka auro Georgiana ta yi ke nan, kuma shekara tara ta yi ba ta haihu ba, sai ɓari bayan ɓari. Dangin miji suka ɗora laifin a kan raye-rayenta da kwanan zaune a teburin caca. A 1783 ta haifi mace, aka sa mata Georgiana, ana kiranta Little G. Ta shayar da ita da kanta, abin da matan ajinta ba sa yi, dangin miji kuma ba su so ba, don a ganinsu shayarwa na jinkirta wani cikin. A 1785 ta sake haihuwar mace, Harriet, da ake kira Harryo.

Namijin bai zo ba sai 21 ga Mayu, 1790, shekara 16 bayan aure. A Faris aka haife shi, juyin juya halin Faransa yana tsaka da ci. Da yake a ƙasar waje ne, an tabbatar akwai shaidu a wurin haihuwar, amma duk da haka tsegumin cewa musanya jariri aka yi ya daɗe yana yawo. Yaron shi ne William, Marquess na Hartington, a gida ana ce masa Hart.

Gaskiya ne da kishiya ta zauna? Ai Turawa ba sa auren mace biyu.

Ba sa yi a takarda. A 1782, a garin Bath inda masu hali ke zuwa wankan ruwan ɗumi don neman lafiya, Georgiana ta haɗu da Lady Elizabeth Foster, wadda ake kira Bess. 'Yar Earl na Bristol ce, amma a lokacin tana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi: ta rabu da mijinta, ya ƙwace 'ya'yanta maza biyu, uban nata kuma bai tallafe ta ba. Tausayi ya kama Georgiana, ta jawo ta jiki, ƙawance ya yi ƙarfi har Bess ta tare a gidan.

Ba a daɗe ba ta zama farkar maigidan. Ta haifa masa Caroline St Jules a 1785, wato shekarar da uwargidan ta haifi Harryo, sannan Augustus Clifford a 1788. Duka biyun a ɓoye aka haife su a ƙasar waje, daga baya aka shigo da su ɗakin renon gidan suka tashi tare da 'ya'yan halas. Duba wannan lissafi: Bess ta riga Georgiana ba shi ɗa namiji da shekara biyu, amma da yake ɗan gaba da fatiha ne, ko taku ɗaya na ƙasar Chatsworth ba zai gada ba.

Haka su ukun suka zauna sama da shekara 20. Masu rubuta tarihi sun rabu a kan Bess. Wasu na ganin makira ce da ta shigo da hawaye ta ƙwace gida. Wasu na nuna cewa lokacin da aka kori Georgiana daga ƙasar, Bess ta bar Duke ɗin ta bi ta. Uwar Georgiana dai ba ta taɓa ƙaunarta ba, 'ya'yan gidan ma haka. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne. Mace ce da ba ta da wurin zuwa, ta san cewa zamanta a gidan ya dogara da yardar mutum biyu, ta kuma riƙe kowannensu gam. Kishiyar Hausa aƙalla tana da igiyar aure da haƙƙin da za ta nema a gaban alƙali. Bess ba ta da ko ɗaya, Georgiana kuma ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

Me ya hana ta fita ta nemi saki?

Babu ƙofar. A dokar Ingila ta lokacin, mace in ta yi aure ita da mijinta sun zama mutum ɗaya, mutumin kuma mijin ne. Kuɗinta nasa ne, sai abin da aka keɓe mata a yarjejeniyar aure. Saki irin wanda ke ba da damar sake aure sai majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman a kan ma'auratan, hanya mai tsada wadda kusan maza kaɗai ke bi. Neman matan miji shi kaɗai bai isa hujja ba. 'Ya'ya kuwa na uba ne ɗungurungum.

Duk gyare-gyaren bayan ranta suka zo. Dokar da ta fara ba uwa damar neman riƙon ƙananan 'ya'yanta ta 1839 ce. Kotun saki ta 1857 ce. Dokokin da suka bar matar aure ta mallaki dukiyarta na 1870 da 1882 ne. Kuma ga Bess nan a gabanta kullum, misali mai rai na abin da ke samun macen da ta bar miji.

Ita ma an ce ta haihu a waje.

Ta haihu. Mutumin shi ne Charles Grey, matashin ɗan majalisa da ta girme shi da shekara bakwai. A 1791 ciki ya bayyana. Duke, wanda farkarsa da 'ya'yanta ke cin abinci a teburinsa, ya ba ta zaɓi biyu: ko ta rabu da Grey ta ba da abin da za ta haifa, ko kuma ba za ta sake ganin 'ya'yanta uku ba. Ta zaɓi ukun.

Aka tura ta kudancin Faransa, uwarta da ƙanwarta da Bess suna tare da ita. A Fabrairun 1792 ta haifi mace, Eliza Courtney. Kafin naƙuda, da tsoron ba za ta tashi ba, ta rubuta wa Hart wasiƙar sa albarka da jininta, yaron ko shekara biyu bai cika ba. Aka ɗauke jaririyar aka kai wa iyayen Grey a Northumberland, ta tashi tana ɗaukar ubanta a matsayin yayanta. Georgiana ta yi ta yawo tsakanin Suwizalan da Italiya har 1793 kafin mijin ya ba ta izinin dawowa. Ta tarar Hart bai san ta ba.

Daga baya takan ga Eliza in an kawo ta Landan, ta kai mata tsaraba kamar wata baƙuwa mai kirki. Yarinyar ba ta san gaskiya ba sai bayan rasuwar uwar. Grey ya yi aurensa a 1794, ya zama firaminista daga 1830 zuwa 1834, kuma gwamnatinsa ce ta zartar da dokar gyaran zaɓe ta 1832 da dokar soke bauta ta 1833. Shayin nan da ake kira Earl Grey sunansa ne.

Mace ba ta da ƙuri'a a lokacin. Ta yaya ta yi siyasa?

Ta hanyar falo da farko. Gidajen Spencer da Cavendish duka 'yan Whig ne, ɓangaren da ke son a taƙaita ikon sarki a ƙarfafa majalisa. Ita sarautar Duke ɗin ma an ba gidan Cavendish ne a 1694 saboda rawar da kakansu ya taka wajen kawar da Sarki James na Biyu a 1688. Devonshire House ya zama kamar hedikwatar jam'iyya. A can ake cin abinci, a can ake ƙulla ƙawance, a can ake lallashin wanda ya yi fushi, kuma uwargidan ce ta iya wannan aiki, ba maigidan ba.

A zaɓen 1784 ta fito titi. Jagoran Whig, Charles James Fox, yana neman kujerar Westminster, Sarki George na Uku da firaminista William Pitt kuma sun sha alwashin kayar da shi. Kwana 40 aka yi ana kaɗa ƙuri'a. Georgiana da ƙanwarta suka dinga bi shago-shago suna roƙon masu sana'a, suna ɗaukar su a keken dokinta zuwa rumfar zaɓe. 'Yan adawa suka cika gari da zanen barkwanci da ke nuna ta tana sumbatar mahauta don sayen ƙuri'a, wasu zanen ma ba sa faɗuwa. Fox ya samu kujerarsa. Ita kuwa ba ta sake fita yaƙin zaɓe a Landan irin wannan ba, ta koma juya abubuwa daga bayan labule. A farkon 1806, da aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa wadda Fox ya riƙe harkokin waje, ƙanenta kuma harkokin cikin gida, tana cikin waɗanda suka sha wahalar haɗa kawunan. Makonni kaɗan ta yi a duniya bayan haka.

Matan Birtaniya ba su samu ƙuri'a ba sai 1918, su ma waɗanda suka kai shekara 30.

Batun caca fa?

Wannan ita ce cutar da ba ta warke ba. Manyan Landan na lokacin maza da mata duk suna buga karta da kuɗi, har iyayenta, amma nata ya wuce misali. Wasan da ake kira faro ya fi cinye ta. Ta ci bashin 'yan'uwa, ta ci na abokai, ta ci na Yarima mai jiran gado, ta ci na mai banki Thomas Coutts, tana rance nan ta toshe can. Da yake ba ta da dukiyar kanta, kowane bashi a ƙarshe kan mijin zai faɗa, ita kuma tsoro bai taɓa barin ta faɗi jimillar gaskiya ba. In ta yi ikirari sai ta faɗi rabi. Shi ya sa haihuwar namiji ta zame mata har da hanyar tsira, don ta san ranar ce kaɗai zai yafe komai. Ta mutu da bashi a kanta.

Ina labarin ƙanwarta Harriet?

A nan ne zumuncin ya cukurkuɗe. Harriet ta auri ɗan goggon Duke ɗin, wanda ya zama Earl na Bessborough, auren da ba ta ji daɗinsa ba. Ta yi shekaru tana tare da wani matashin jami'in diflomasiyya, Lord Granville Leveson-Gower, har ta haifa masa 'ya'ya biyu a ɓoye. A 1809 wannan Granville ɗin ya auri Harryo, 'yar Georgiana, da sanin innar tata da amincewarta. Abin mamaki, auren ya yi albarka, Harryo kuma ta rungumi waɗancan yara biyu ta riƙe su a gidanta.

'Yar Harriet ta halas, Caroline, ta auri William Lamb, wanda ya zama firaminista Lord Melbourne. Ƙanensa George Lamb kuma ya auri Caroline St Jules, 'yar Bess. Gidaje ƙalilan ne ke aurar da juna, suna rufa wa juna asiri, suna kuma mulkin ƙasa.

Yaya ƙarshenta ya kasance, kuma me ya faru da Bess?

A 1796 ciwon ido ya kama ta, likitocin zamanin suka azabtar da ita da sunan magani, ta rasa ganin ido ɗaya, fuskar ma ta sauya. Ta rage fita. Ta ƙara ba da lokaci ga 'ya'yanta da karatu da tarin duwatsun ma'adinai da ta fara tarawa tun tana gudun hijira. Ciwon hanta ne ya yi ajalinta a Devonshire House. An binne ta a cocin All Saints da ke Derby, inda kabarin dangin Cavendish yake. Uwarta ta rayu bayanta har 1814.

A 1809 Duke ya auri Bess, 'ya'yan gidan suna ji suna gani ba don sun so ba. Shekara biyu kacal ta yi tana Duchess kafin ya mutu a 1811. Ta ƙare rayuwarta a Roma, ta rasu a 1824.

Shi magajin da aka sha wahalar samu, ya ci gaba da zuriyar?

Bai yi aure ba. Hart ya zama Duke na shida yana ɗan shekara 21, ya mutu tuzuru a 1858. Ƙarfinsa ya tafi ne a gine-gine da lambu tare da mai kula da lambunsa Joseph Paxton. A ɗakunan gilashin Chatsworth aka raini wani irin ayaba da aka sa wa sunan gidan, kuma ayabar Cavendish ita ce yau ta mamaye cinikin ayaba tsakanin ƙasashe.

Sarautar ta koma hannun wani ɗan'uwa, William Cavendish, wanda ya zama Duke na bakwai. Matarsa Blanche Howard 'yar Little G ce. Ke nan duk wanda ya riƙe sarautar Devonshire tun daga na takwas har zuwa na yanzu jinin Georgiana ne, amma ta tsatson 'yar nan mace da dangin miji suka yi wa kallon ba ita ake jira ba.

Mece ce dangantakarta da Gimbiya Diana?

Gida ɗaya suka fito, amma Diana ba jikarta ba ce kai tsaye. Ƙanen Georgiana, George John, Earl Spencer na biyu, shi ne kakan kakan mahaifin Diana. A Althorp inda aka haifi Georgiana aka binne Diana a 1997. Mutane na son kwatanta su: aure da ƙuruciya, miji mai wata a zuciya, jaridu a bayansu dare da rana. Kamar akwai, sai dai Diana ta samu saki a 1996 kuma ba a raba ta da 'ya'yanta ba.

Wadda ta fito daga tsatson Georgiana kai tsaye ita ce Sarah Ferguson, uwar Gimbiya Beatrice da Gimbiya Eugenie, kuma ta wajen Eliza Courtney ne, 'yar da aka ɓoye.

Akwai abin da ya rage da mutum zai iya gani yau?

Devonshire House babu shi, an rushe shi a 1924. Ƙofarsa ta ƙarfe ce aka mayar bakin Green Park, a tsallaken titin. Chatsworth yana nan, dangin suna zaune a ciki, kuma ana buɗe shi ga masu ziyara da kuɗin shiga. Wasiƙunta suna ma'ajiyar gidan, duwatsunta ma haka.

Akwai kuma hotonta da Thomas Gainsborough ya zana, tana sanye da wata ƙatuwar baƙar hula. A 1876 aka sayar da shi a gwanjo kan kuɗin da ba a taɓa sayen zane da shi ba a lokacin, bayan 'yan makonni wani ƙasurgumin ɓarawo mai suna Adam Worth ya yanke shi daga katakonsa a shagon dillalan a Landan ya gudu da shi. Shekara 25 yana hannunsa. A 1901 aka karɓo shi, attajirin Amurka J. P. Morgan ya saye. Sai a 1994 gidan Devonshire ya saye shi aka kai shi Chatsworth.